Ganyen da Gwaggo ta ɗaura wa ƙyalle

Ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, abin da na fi ji a bakin masu ta'aziyya shi ne miya. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, mu amsa da amin. Da ta samu gefen tabarma ta zauna, ba a jimawa sai ka ji ta soko zancen wata miyar da ta taɓa sha a gidan. Wata tsohuwa daga Wurno, wadda ni ban ma gane ta ba, ta ce tun tana amarya ta ci tuwon dawa da miyar kuka a hannun Gwaggo, har yau tana jin ƙamshin. An ce a waje ma, limamin da ya yi mata salla sai da ya ambaci farfesun da ta aika masa lokacin da ya kwanta ciwo. Da farko abin ya ɓata mini rai. Mace ta yi shekara saba'in da ɗoriya tana salla, tana azumi, tana riƙon 'ya'yan mutane, a ce ba abin da za a tuna ta da shi sai tukunya? Amma na gaji ƙwarai, ko ɗaure fuska ban iya ba, ina ta amsa amin.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni a gidanta na Kangire tun ina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata, har aka kai ni ɗakin miji a cikin garin Birnin Kudu, inda nake koyarwa a firamare. Ɗa ɗaya ne ya rayu cikin waɗanda ta haifa, shi nake kira Yaya, kuma shi da matarsa ne a gidan tare da ita. Ba ta wahalar da kowa da jinya ba. Kwana shida ta yi a kwance, ana tsakiyar yankan gero, ta cika da hantsi.

Wadda ta fi kowa kuka ranar ba 'yar uwarmu ba ce. Wata Kirista ce daga kudu, matar wani malamin asibiti da suka taɓa zama a unguwar shekarun baya kafin a canja musu wurin aiki. Mota biyu ta hau kafin ta iso. Ta zauna a tsakar gida tana share hawaye da gefen ɗankwali, tana faɗa da Hausarta mai karkata cewa lokacin da ta haihu ba ta da kowa a garin, abinci ya fita ranta, Gwaggo ce ta yi sati biyu tana kai mata romo da wani ganye a ciki. Ta ce ta faɗa wa Gwaggo ganyen ba irin na garinsu ba ne, Gwaggo ta ce to ki sha na garinmu, in kin warke kya je ki kawo naku mu gani.

Mutum ɗaya ce ba ta yi zancen miya ba, ba ta kuma yi kuka ba, ita ce ƙanwar marigayiyar, wadda muke kira Gwaggon Basirka. Ta iso bayan azahar, an riga an dawo daga maƙabarta, ƙafafunta duk taɓo don babur ɗin da ya ɗauko ta ya kafe a hanya. Ta zauna bakin ƙofa da carbinta. Mata suna ta satar kallonta, don duk dangi an san shekara goma sha ɗaya ke nan ba abin da ke haɗa ta da yayarta sai sannu sannu a wajen biki. Washegari ta ce za ta koma, ta baro awaki ba mai kula. Kafin ta fita na ga ta zagaya bayan ɗaki, ta ɗan jima, sannan ta dawo ta tsaya a kaina ina tsakiyar amsa gaisuwa.

"Ke," ta ce, "ki kula da mai ƙyallen nan. Saura kaɗan ya bushe."

Na ce to, Gwaggo. Na san abin da take nufi sarai. Amma a daidai lokacin wasu mata uku suka yi sallama, na juya na amsa musu, maganar ta fice daga kaina. Saboda wannan maganar nake wannan rubutun, don ba zan iya ba da labarin Gwaggo in tsallake abin da na yi sakaci da shi ba.

A bayan ɗakinta akwai wani fili da bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba, an kewaye shi da zana da ƙaya saboda awaki. Nan ne lambunta. Akwai lansir a cikin tsohon kwano, na'ana'a a gindin wata randa da ta tsage, gasaya, lawashi, barkono, da yakuwa a jikin zana. Duk waɗannan kowa ya san su. Abin da babu a gidan kowa a Kangire shi ne wanda muke kira ganyen Dada. Dada ita ce kakarmu, mahaifiyar su Gwaggo. Mutanenmu masu shanu ne a da, kafin su zauna a Basirka su kama noma, Fulatancin ma ya gudu ya bar mu da 'yan kalmomi. Dada ce ta zo da irin a ƙulle a bakin zane. Daga ina, ba wanda ya sani, in an tambaye ta sai ta nuna gabas da haɓa. Dangin ɗaɗɗoya ne, amma ba irin wadda ake kasawa a kasuwa ba. Ganyensa ƙanana ne, karansa ja-ja, in ka murza shi a tafin hannu sai ka rantse ana soya nama da albasa a maƙwabta.

Gwaggo ba ta taɓa yin alwala a tsakar gida ba. Buta take ɗauka ta zagaya baya, ta tsuguna a kan wani dutse a bakin shukar, duk ruwan da ya zubo daga hannunta da fuskarta ya sauka a gindin ganye. Sau biyar a rana, rani da damina. Lokacin da nake yarinya na ɗauka wani sharaɗi ne na addini, har na taɓa yi wa wata ƙawata gyara a makarantar allo. Da labarin ya iso kunnen Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce sharaɗin rijiya ne, don igiyar gugarmu gaba ashirin ce.

Da ganyen ya fara fure sai ta bi shi da farce tana tsinke kan, don in ya yi fure ganyen yakan yi ɗaci ya daina yaɗo. Duka take tsinkewa sai guda ɗaya, wanda ya fi ƙarfi. Shi take ɗaura wa ɗan ƙyalle a kara. Wannan ba a taɓa shi, ko ganye ɗaya ba a cira, sai ya yi fure ya yi 'ya'ya ya bushe a tsaye, sannan ta yanke kan ta murje a faifai, ta samu irin baɗi. Na sha duka sau ɗaya a rayuwata a hannunta, kuma a kan mai ƙyalle ne. Abin da ya riƙa ba ni mamaki shi ne ƙyallen. Kowace shekara sabon launi ne, kuma ban taɓa ganin zanen da aka yago shi a gidanmu ba. Na tambaya sau ɗaya, ta ce in je in wanke kwanuka.

Tana da wata magana da duk wanda ya zauna da ita ya haddace. In ka yi shirme a girki ba ta zagi, sai ta dube ka ta ce, "Ina hancinki?" Ranar da ta fara bar mini tukunya, ina shekara goma, na zuba ganyen tun miya tana tafasa don in burge ta. Tun daga zaure ta ji. Ta shigo ta buɗe murfi, ta rufe, ta tambaye ni inda na baro hancina. Sai ta sake tsinko wani, ta sauke tukunyar ƙasa, ta murza shi tsakanin tafukanta, ta watsa, ta rufe, ta ce in ƙirga ɗari kafin in buɗe. A wajenta wuta ba ta ganin wannan ganyen, turmi ma ba ya ganinsa. Daddawa kuwa rabin abin da mutane ke sawa take sawa, ta ce in sun haɗu da yawa faɗa suke yi.

Akwai shekarar da fari ya ci geron mutane, ina aji biyar ko shida. Wata uku ba a ga nama a gidanmu ba. Babana ya zo daga Basirka duba mu, Gwaggo ta kawo masa tuwon masara da miyar kuka. Ya kai loma biyu, ya ɗago ya dube ta, ya ce Yaya, a wannan marra har kin samu nama? Ta ce ci dai. Ya yi ta laluben miyar da yatsa yana neman tsoka, ita kuwa tana kaɗi ko a jikinta. Da ya kai ƙasan kwano ya ce wa ya tsame naman? Ta ce ya ƙara dubawa, wataƙila ya maƙale a gefe. Har ya rasu, in sun haɗu sai ta tambaye shi ko ya samu tsokar nan.

Ba zan ce Gwaggo mai sauƙin zama ba ce, ƙarya ba ta da amfani ga mamaci. Harshenta yana da kaifi, kuma in ta ƙi abu ta ƙi shi ke nan. Matar Yaya ta sha fama da ita a kan dunƙulen miya na kanti. Gwaggo ta ce tun da abin nan ya shigo, miyar gidan suna da ta gidan biki da ta gidan mutuwa duk sun zama ɗaya. Matar Yaya ta koma ƙulle dunƙulen a haɓar zane, ta faki ido ta jefa. Gwaggo ta kai loma ɗaya ta ajiye, ta sha ruwa, ta ce Alhamdulillahi ta ƙoshi. Haka aka yi ta yi har Yaya ya gaji da sasanci, aka koma tukunya biyu a murhu ɗaya. Amma duk ranar da matar Yaya ta kwanta laulayi, daga tukunyar Gwaggo take ci, kuma ba a taɓa yi mata gori ba.

Ganye kam kowa ya zo tana tsinkar masa, har da waɗanda ba su roƙa ba. Iri ne ba ta bayarwa sai ta ga bayan ɗakin mutum da idonta. Ni kaɗai ta yi wa sassauci. Ranar da za a kai ni, bayan an gama nasihohi, ta cusa mini ƙullin takarda a hannu. Gidan da muke haya duk siminti ne, na ce sai na samu tsohon bokiti. Bokiti bai samu ba, ciki ya zo, sannan aiki, sannan wani cikin. Duk kaka in na je gaishe ta sai ta ba ni sabon ƙulli, ta ce wancan ya kwana, irin da damina ta wuce shi a ajiye ba ya tashi da kirki. Ba ta taɓa tambayata ko na shuka ba. Sai dai in ta zo gidana ta leƙa bayan ɗaki kamar mai neman buta, ta dawo ta zauna. Ƙulli tara na tara a cikin durowa, tare da katin rigakafin yara da tsofaffin makullai.

Rigimarta da Gwaggon Basirka a kan Dada ce. Lokacin da Dada ta kwanta ciwon ajali a Basirka, Gwaggo ta dage a kawo ta asibiti Birnin Kudu. Ƙanwar, wadda ita ke jinyar, ta ce Dada ta ce ba za ta hau mota ba, a bar ta a ɗakinta. Aka bar ta, bayan sati biyu ta rasu. A wajen zaman makoki, gaban mutane, Gwaggo ta ce da an ji maganarta da yanzu uwarsu tana zaune. Ƙanwar ta ce wanda ke zuwa dubiya da jaka a hannu ba shi zai koya wa mai wankin kashi da fitsari son uwa ba. Shi ke nan. Malamai sun yi magana, Babana ya yi har ya gaji. In an ce wa Gwaggo gaba haramun ce, sai ta ce ita ba ta gaba da kowa, ai suna gaisawa. Gaisuwar kuwa ko ta baƙin da suka haɗu a tasha ta fi ta tsawo.

Ranar sadakar uku gidan ya cika fiye da ranar farko. Matar Yaya ce ke kan girki da matan unguwa. Tun ranar rasuwar take jin mutane suna yabon miyar Gwaggo, ita kuma shekara goma sha huɗu tana gardama da wannan miyar. Sai ta ƙudurta a ranta yau za ta yi ta yadda tsohuwar ke yi, ba dunƙule ko ɗaya, kowa ya ci ya yi mata addu'a. Tukunya uku manya aka ɗora. Ganyen da zai ishi tukunya uku kuwa sai an haɗa da duk abin da ke lambun. Ta tura mata biyu baya, su kuma ba su tsaya tsinka ba, tumɓukewa suka yi har saiwa don sauri. Sun ga ƙyallen, suka ɗauka an ɗaura ne don kar iska ta kayar da karan. Kan furen da bai gama nuna ba suka yanke suka watsa wa kaji. Suka fito suka bar ƙofar zana a buɗe, awaki suka ƙarasa sauran.

Ina ɗaki a lokacin. Aka kawo mini tuwo, kwana uku rabona da abincin kirki. Na kai loma, ƙamshin ya daki hancina, na fashe da kukan da ban yi ba tun ranar farko. Na cinye tas, har na sa aka kira matar Yaya na riƙe hannunta na ce Allah ya yi mata albarka, yau ta yi miyar Gwaggo. Ita ma tana kuka. Sai da la'asar, na ɗauki buta na zagaya baya, ƙafata ce kawai ta kai ni don can na saba ganin ana alwala. Na tarar da ƙasa a tone, kwanon lansir a kife, akuya tana tsaye a inda na'ana'a take. Ƙyallen yana ƙasa, ɗan kore mai ɗigon fari, an taka shi.

Ban yi wa kowa faɗa ba. Wa zan yi wa? Matar Yaya ba ta taɓa shiga lambun nan ba, Gwaggo ba ta bari. Matan unguwa aike suka je. Ni aka faɗa wa, ni na san ma'anar ƙyallen, ni na ce to. Na duba gwangwanin da Gwaggo ke ajiye iri a saman ƙofa, babu komai sai ƙura, ta shuke na bara tun farkon damina. Na tsaya riƙe da gwangwanin, na ji kamar yau ne aka yi rasuwar.

Da na koma gida na zazzage durowa. Na samu bokitin da na yi shekara tara ban samu ba, cikin minti biyar na samo shi a bayan kicin. Na zuba ƙasa da taki, na shuka ƙulli taran gaba ɗaya, ina ba su ruwa safe da yamma. Sati uku ba abin da ya fito sai ciyawa. Na kira matar malamin asibitin a waya, don na ji ta ce Gwaggo ta taɓa ba ta iri. Ta ce ya yi mata shekara biyu, da suka tashi daga gidan ya mutu a hanya. Na bi gidaje huɗu a Kangire da aka ce wataƙila, duk ɗaɗɗoyar kasuwa ce. Maigidana ya ce in haƙura, ganye ne. Na san ganye ne. Amma Dada ta ɗauko shi daga inda ba mu sani ba, Gwaggo ta yi shekara hamsin tana zuba masa ruwan alwala, ni kuma na cinye na ƙarshe da tuwo har ina sa albarka.

Basirka ce kaɗai ta rage, ita ce kuma inda ba na son zuwa. Ban ma sani ba ko akwai shi a can, rabona da gidan tun rasuwar Dada, don mu 'yan ɗakin Gwaggo mun bi ta a rigimar ba tare da an ce mu bi ba. Sai bayan arba'in na ɗaure na tafi. Na hau bas zuwa Gwaram, na jira wata ta cika, ta ƙarasa da ni. Na isa gab da azahar, bayana kamar zai ɓalle.

Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ta yi mini ya haƙuri, na yi mata. Ban tsaya kwana-kwana ba, na faɗa mata duk abin da ya faru, har da cewa na manta da maganarta. Ba ta ɗago ba.

"Labari ya riga ki zuwa," ta ce. "Kin ci miyar?"

"Na ci."

"Ta yi daɗi?"

"Ta yi, Gwaggo."

"To."

Ta ci gaba da ɓara har sai da ta gama abin da ke cinyarta. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta ce in biyo ta. Muka zagaya bayan ɗakinta. Zana ce da ƙaya, da dutse a bakin shuka, da buta a gefensa. Ƙamshin ya riga idona. Ganyen Dada ne, layi biyu, ya fara tsufa. A ƙarshen layin akwai kara ɗaya busasshe, an yanke kansa, ƙyallen yana nan a ɗaure. Shuɗi ne mai zanen ganga. Na san atamfar nan, ni na saya wa Gwaggo ita da albashina na farko, ta ɗaura ta har ta koɗe.

Na tsaya ina kallon ƙyallen, ita kuma ta yi mini bayani a taƙaice, kamar mai faɗin hanyar kasuwa. Dada ce ta kafa musu doka tun suna amare, iri ba ya kwana a gida ɗaya. Duk kaka kowacce za ta raba nata biyu, ta ƙulle rabi a yagin tsohon zanenta ta aika wa 'yar uwarta. Wadda ta karɓa ta haɗa da nata ta shuka, ƙyallen kuma shi za ta ɗaura wa wanda aka bari ya yi iri. Wani dattijo mai babur da ke kai wake kasuwar Birnin Kudu shi ke kaiwa ya kawo. Shekarar da ruwa ya ci bayan ɗakinta, da na yayarta ta tashi. Shekarar da gara ta shiga gwangwanin Gwaggo, da na Basirka aka shuka a Kangire. Koren ƙyalle mai ɗigon fari da na tsinta a ƙasa, zanenta ne.

Na ce amma Gwaggo, shekara goma sha ɗaya ba kwa magana.

"Wannan ai ba magana ba ce," ta ce. "Iri ne."

Muka shiga ɗaki. Ta miƙa hannu saman ƙofa ta sauko da gwangwani, ta buɗe. Ƙulli biyu ne a ciki, ɗaya a takarda, ɗaya a yagin zane ruwan ƙasa. Ta ɗauki na zanen ta riƙe a tafinta.

"Ranar Talata na murje," ta ce. "Na raba biyu, na yago zane, na ƙulle nata. Sai da na ja ƙullin da haƙori sannan na tuna."

A nan ne ta yi kukan da matan Kangire suka yi ta jira ba su gani ba. Ba ta ɗaga murya ba, ta zauna bakin gado hawaye yana bin tamojin fuskarta, ni ma na zauna ƙasa ina nawa. Da ta natsa ta share fuska da bakin mayafi, ta tambaye ni ƙulli nawa yayarta ta ba ni tun da aka yi aurena. Na ce tara. Ta ce nawa na shuka a kan lokaci. Na ce ko ɗaya.

"Na tsufa," ta ce. "Matan 'ya'yana ba ruwansu da bayan ɗaki. Bana wa zan aika wa?"

Na gane ni take nufi. Na tuna simintin gidana, da ruwan da muke saye a jarka, da yara arba'in da ke jirana a aji, da huɗun da ke jirana a gida, na ji gajiya ta sauko mini tun daga wuya. Ta ga haka a fuskata. Ta ce ba kyauta ba ce, in na karɓa, baɗi war haka tana jiran nawa a ƙulle a zanena. In ba zan iya ba in faɗa mata yanzu, ta san gida ɗaya ya rage, ta daina rabawa biyu.

Na miƙa hannu biyu na karɓa.

Yanzu da nake rubutun nan ruwa ya sauka sau huɗu. Na shuka a bokitin nan da wata tsohuwar roba da ta fashe, na ba matar Yaya kaɗan, don ita ta zo da kanta ta roƙa, ta kuma gyara zanar da hannunta. Nawa guda shida ne suka fito, kaza ta ci ɗaya. Ban iya miyar ba har yanzu, jiya ma na zuba ganyen da wuri, na ji tambayar nan a kunnena sarai. Na mayar da butata bayan kicin, can nake alwala, yarana suna kallona kamar na samu taɓi. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kaifin harshenta, ya sa ruwan nan da ta yi shekaru tana zubarwa a gindin shuka ya tarar da ita a kabarinta da sanyi. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon riƙe abin da aka miƙo mana.

Ɗazu bayan la'asar na zaɓi wanda ya fi ƙarfi cikin biyar ɗin, na ɗaura masa ƙyallen ruwan ƙasa. Na kuma fitar da wani tsohon zanena na ajiye a saman ƙofa, kusa da gwangwani, kafin kaka ta zo.